Lambar Likitan Ruwa

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na huta ba. A ƙofar asibiti, a masallacin Juma'a, a wurin mai shayin unguwar Dogo Tebo, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malam Bukar, yaya ƙasar Faransa? Da gaske ka ga teku?" Nakan ce na gani, in wuce. Har wasu sun fara cewa girman kai na koyo a can. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaitsaye, kuma ba shi da daɗin da ake zato. Shi ya sa na zauna na rubuta shi, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Sai na fara da mahaifina, don shi ya aike ni. Sunansa Modu, amma duk Potiskum da Ba Modu Jamus aka san shi. A Dikwa ya tashi, zamanin tana hannun Jamus. Yana ɗan saurayi wani hafsa ya ɗauke shi yankan ciyawar doki, ya gangara da shi har Duwala, ya bar shi a hannun wani likitan sojan ruwa da aka sauko da shi daga jirgi yana aiki a asibitin garin. Bakin Baba bai taɓa iya sunan mutumin daidai ba, Likitan Ruwa yake ce masa. Ni yanzu na san sunan, amma ba zan rubuta shi ba. Shi ya koya wa Baba wanke gyambo da ɗaurin karaya, kuma saboda shi Baba ya kai ni makaranta ya ce sai na zama malamin asibiti.

Da yaƙi ya ci Jamus, Ingilishi da Faransa suka kore su cikin kurmi, sai Likitan Ruwa ya kamu da zazzaɓin nan mai mayar da fitsari baƙi. 'Yan dako suka watse. Baba ya goya shi, yana tafiya yana hutawa, yana tsallaka rafuka da shi, har suka shiga ƙasar da ke hannun Sifen, inda ba a bin su. A bakin teku, kafin likitan ya hau jirgi, ya ciro lambar yabo guda, wadda Baba ke kira minda, ya danƙa masa. Ɗan ƙarfe ne zagayayye, da kan wani sarki mai murɗaɗɗen gashin baki. A cikin wannan labari muka girma. Tsofaffin unguwa sun yarda da shi. Samari kuwa, da Baba ya tsufa idonsa ya rufe, sai suka riƙa cewa a kasuwar Kano ya sayo ƙarfen. Yana jin su.

Shekara biyu bayan canjin kuɗi zuwa naira aka kawo mana wani Bajamushe mai haƙar rijiyoyin burtsatse, inji ya yanke shi a hannu. Ina ɗaure masa ciwon na ba shi labari, washegari na kai shi gida. Ya juya mindar, ya sa Baba ya maimaita sunan likitan har ya gane. Da damina ta kusa sai ga saƙo daga gare shi: akwai jikan likitan a Duwala, yana aiki da wani kamfanin katako, kuma ya daɗe yana bin diddigin tarihin kakansa da lambobinsa. Yana son ganin wanda ya zo daga gidanmu.

Yayata, Ya Fanna, ta ce kada a fitar da mindar daga gida. Baba bai saurare ta ba. Ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro 'yar jakar fata.

"Bukar, ka nuna masa. Ka ce Modu yana gaishe shi. Ka tambaya yadda kakansa ya ƙare." Ya miƙo mini jakar. "Ka kuma tambaya me ya faɗa a kaina."

Na ɗauki hutu, na bi Alhaji Goni, wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu mai kai atamfa Garwa, a arewacin Kamaru. Babbar mota mai bodin katako muka shiga, ni ina kan buhun wake, wani Bakarkare yana riƙe da raguna biyu a gabana. Bayan Damaturu taya ta fashe, direba ba shi da ta canji, muka yini a gindin ƙaya har wata mota ta kawo mana. Ɗaya ragon ya cinye rabin ƙosan da matata ta ƙunsa mini. Mai shi ya ce in yi haƙuri, ai ragon bai san na malami ba ne. A Maiduguri muka kwana gidan ƙanen Alhaji, muka wuce Bama, muka isa iyaka a Banki.

Namu ba su tsayar da mu ba, Alhaji sananne ne. A ɗaya gefen ne na fara ganin jandarma, wato 'yan sanda irin na Faransa masu ɗan guntun wando da doguwar hula. Wani ya karɓi katin allurata ya juya shi sama da ƙasa, ya ce da Fulatanci hatimin bai fito ba. Na ce masa ni kaina allurar nake yi wa mutane. Wannan maganar ce ta jawo mini. Ya zazzage akwatina a ƙasa, ya taka rigata ta Juma'a, ya kai ga jakar fata. Da ya ga mindar sai ya manna ta a ƙirjinsa, ya ƙame, ya sara wa abokansa, suna ta dariya. Na miƙa hannu, ya buge. Aka zaunar da ni a rana. Alhaji Goni ya bar ni na gasu sosai tukuna, sannan ya je da ƙunshin goro da turmin atamfa suka yi magana a bayan rumfa. Da muka hau mota ya ce mini, "Malam, a nan ba a nuna wa mai kaki ka san abu. Ka bar iliminka a Potiskum, in ka dawo ka ɗauka."

Marwa gari ne mai inuwa, bishiyoyi a jere gefen titi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo, ana saƙale shi a hammata ba takarda ba komai. Da safe a tsoma shi a kwanon gahawa. Da rana ta take kuma sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, har gidan waya, wai ana hutawa. Na tuna asibitinmu, inda a wannan lokacin ne layi ke kaiwa bakin titi.

A Garwa muka sauka gidan wani Bafulatani, Bappa Hamadu. Da ya ji ni Babarbare ne ya ce a ɓoye ƙwaryar nono, bawansa ya iso. Na ce ai ubangidansa ne ya zo duba shanunsa. Aka yi dariya, aka kawo fura. Da ya ji abin da ke tafe da ni ya aika aka kira wani tsoho, wai ya yi sojan Jamus. Tsohon ya zo da sanda, ya karɓi mindar ya kai ta dab da idonsa, ya mayar mini. Sannan ya juya, ya ɗaga rigarsa. Bayansa duk tabon bulala ne, wani kan wani.

"Ni tawa ke nan," in ji shi.

Na ji haushi a lokacin. Na ce ai ba duka suka zama ɗaya ba, namu likita ne. Ya ce to, ya saki rigarsa, ya nemi a ba shi goro.

Daga nan ni kaɗai na ci gaba. Na hau mota zuwa Ngaundare, hanya tana hawa dutse, yaran mota suna bin mu da katako suna tokare taya. Can na shiga sabon jirgin ƙasa. Muna gangarawa kudu ƙasa tana canjawa, Fulatanci yana ƙarewa, ni kuma ba Faransanci. A wata tasha mata suka yo ca a taga da kayan sayarwa. Na nuna wani ƙyafaffen nama, ina zaton na akuya ne, sai matar ta ɗaga shi na ga hannu da yatsu. Biri ne. Daga nan har Yawunde ayaba da gyaɗa na ci. Wata dattijuwa da ke zaune gabana ta ga halin da nake ciki, ta ɓare wani abu daga cikin ganye ta miƙo mini, rogo ne da aka jiƙa aka kirɓa, yana warin tsami, yana danƙo kamar roba. Na ci don kunyarta. Ta yi ta yi mini magana da yarensu, ina amsawa da Hausa, har muka rabu ba wanda ya fahimci wani, amma ita ce mutumin kirki na wannan hanyar.

A Yawunde na canja jirgi. Na shiga Duwala ana ruwa, na bar ta ana ruwa. A can ruwan sama ba a yi masa shiri, ba hadari ba iska, zuba kawai yake. Takalmina ya yi furfura a kwana biyu. Na sauka a unguwar Hausawa, gidan wani mahauci, Malam Sule, wanda kakansa ya zo daga Kano amma shi bai taɓa haye Binuwai ba. Hausarsa ta gauraye da Faransanci, sai ya maimaita nake ganewa. Matarsa ta yi mini miyar shuwaka da gyaɗa da busasshen jatan lande. Ya kai ni bakin ruwa na ga jiragen da suka fi masallacin Juma'armu girma. Na tsaya ina tunanin Baba yana saurayi a wannan wuri, har raina ya yi fari. Na ga maza da mata suna sumbatar juna a kumatu a tsakiyar titi da sunan gaisuwa, na ga mata a kan babur, na ga ana shan giya da tsakar rana a bakin hanya kamar yadda muke shan kunu. Malam Sule ya ce zan saba. Na ce ba zama na zo yi ba.

Gidan jikan likitan yana unguwar Turawa, kusa da tashar jiragen ruwa. Na sa rigar Juma'ata da aka wanke mini. Maigadi ya bar ni a bakin ƙofa cikin yayyafi, kare yana ta haushi, har mai gidan ya gama cin abinci. Da ya fito kuwa ya karɓe ni da hannu biyu. Dogo ne, bai kai ni shekaru ba, Ingilishinsa ya fi nawa. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo lemo, ya shigar da ni wani ɗaki mai cike da littattafai da hotunan jiragen yaƙi.

Gaskiya ya yi aiki a kan kakansa. Ya san makarantar da ya yi, da jirgin da ya fara shiga, da zuwansa Sin, da wasu tsibirai can ƙarshen duniya, da shekarar da aka sauke shi a Duwala. Ya ce bayan yaƙi ya zama babban likita a wani birnin bakin teku, ya tsufa cikin daraja, ya mutu a gadonsa. Na ji daɗi, na ce ga amsar tambaya ɗaya. Sannan ya buɗe wani akwati mai murfin gilashi. Lambobin suna jere a kan baƙin karan-miski, kowace ya faɗa mini dalilinta. Ya nuna wata ya ce wannan an ba shi ne saboda jarumtar fitar da marasa lafiya ta cikin kurmi lokacin da aka kore su.

Na ce, "Shi ne ya fitar da su?"

Ya ce haka aka rubuta.

A tsakiyar jerin akwai gurbi, zagayayye, babu komai. Na kwance jakar fata na ajiye mindar a kan tebur. Ya ɗauka, ya gwada ta a gurbin, ta zauna daidai. Idonsa ya kawo ruwa. Ni ma nawa ya kawo, don na zaci abu ɗaya muke ji.

"Ashe gaskiya ne," in ji shi. "Ashe tana nan. Mahaifinka ne yaron da ya ɗauke ta."

Na ce ban gane ba.

Ya ce kada in damu, abu ne da ya wuce, ba mai riƙe da kowa. A gidansu an san cewa lokacin da kakansa ke kwance ba ya cikin hayyacinsa, wani baƙin yaro mai yi masa hidima ya sace lamba ɗaya. Kakarsa ce ke faɗa, tun yana ƙarami yake ji.

Na ba shi labarin Baba daga farko har ƙarshe, da goyon, da rafukan, da bakin teku. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai irin yadda nake yi wa majinyacin da ke gaya mini maye ne ya kama shi. Na tambaye shi, "Kakanka da bakinsa ya ce an sace?"

Ya yi tunani, kuma na yaba masa bai yi ƙarya ba. Ya ce a'a. Kakan dai yakan ce ta ɓata a bakin teku. In kakar ta kawo maganar sata, yana zaune, ba ya cewa komai.

"Bai taɓa ambaton wani Modu ba?"

Ya girgiza kai. Sai ya tuna da wani hoto, ya ɗauko. Likitan ne zaune a kujera da fararen kaya, wasu Turawa biyu a gefensa, baƙaƙe uku a tsaye a baya. A ƙasa an rubuta sunayen Turawan. Na tsakiyar nan na baya, siriri, da tsagar Barebari a kumatu, da kunnuwa irin nawa. Ban taɓa ganin mahaifina da ƙuruciya ba sai ran nan. Yana tsaye ƙyam, ya ɗora hannu ɗaya a kan bayan kujerar.

Na roƙe shi ya ba ni hoton, ko ya sa a wanko mini irinsa. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne. In bar lambar ta koma cikin 'yan'uwanta, ya ba ni hoton, ya ƙara da rediyo sabuwa in kai wa tsoho. Na ce ba sayarwa aka aiko ni ba. Ya ce shi ma ba saye yake ba, kayan gidansu ne ya dawo. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce da wani ne da sai ya kira 'yan sanda, amma shi ba ya son haka tsakaninmu.

Na miƙa hannu cikin akwatin na cire mindar daga gurbinta. Bai hana ni ba. Na dubi hoton sau ɗaya kuma, na fita. Lemon ban sha ba. Har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan a kan kujera, kuma har yau ina tambayar kaina ko da na karɓi hoton ya fi.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanya ɗaya ce, jirgi ɗaya, jandarma ɗaya, sai dai wannan karon na yi shiru a Banki aka bar ni na wuce. A Garwa ban nemi tsohon nan ba, kunyarsa nake ji. Tun daga Maiduguri nake shirya ƙaryar da zan yi wa Baba. Zan ce likitan ya mutu da sunansa a baki. Ya Fanna ma da na gaya mata a zaure haka ta ce in yi.

Na same shi a kan tabarmarsa bayan la'asar. Na sa masa jakar a hannu, ya shafa ya ji tana ciki. Na ce likitan ya tsufa, ya zama babba, ya mutu a gadonsa. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya juyo da fuskarsa wajena yana jira. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraron mutane ba ya ganinsu, ba a yi masa ƙarya. Na buɗe baki, sai gaskiya ta fito.

Ya ji ni har ƙarshe. Da ya yi magana, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba ya faɗa.

"Da zai hau jirgi ya ce in jira shi. Ya ce in damina ta wuce zai dawo ya ɗauke ni. Mindar nan shaida ce ya bar mini. Na zauna a bakin ruwan nan ina dako, damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Duk jirgin da ya tsaya sai na je. Da na gaji na kama hanyar Dikwa da ƙafa, na tarar an binne uwata ba da daɗewa ba. An ce kullum tana zama a ƙofa." Ya juya jakar a hannunsa. "Na ce ko mutuwa ya yi a teku. Shi ya sa ban taɓa jin haushinsa ba."

Washegari ya sa na ɗauko takarda, a rubuta wa jikan likitan wasiƙa. Ya faɗa da Barbarci, na rubuta da Ingilishi. Ba ta da tsawo. Ya ce shi Modu ɗan Dikwa bai taɓa ɗaukar abin wani ba, mindar nan kyauta aka ba shi, a gaban Allah, kuma yana roƙo a gyara maganar a gidansu. Ya ce in kawo tawada ya dangwala yatsa, don su san shi ne. Na kai gidan waya da kaina.

Daga nan ya daina ba da labarin Likitan Ruwa. Samarin unguwa sun zo suna tsokanarsa ya ba su, ya ce ya manta. Amma duk ranar da na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi, sai ya ce, "Bukar, ka biya gidan waya?" In ce na biya. Ba ya ƙara tambaya.

Ya rasu da sanyin shekarar nan, ranar wata Laraba, bayan azahar. Amsa ba ta zo ba. Bayan sadakar bakwai 'ya'yan Ya Fanna suka fara gardama a kan wanda zai riƙe mindar Kaka. Na miƙa musu jakar ban buɗe ba, na ce duk wanda ke so ya ɗauka.